Kunyar 'Yar Fari da Jirgin Watan Zuhal

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata wannan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da malamanki da abokan aikinki a can ƙasar sanyi. Mu nan Ranuna lafiya lau. Babanki yana nan yana fama da gwiwarsa, ƙannenki suna makaranta, zafin Madina kuma bai rage komai ba.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙata zuwa gare ki a shafin da matan unguwa suke tallar turare da atamfa. Da gangan na yi. Abin da ya shiga tsakanina da ke a gaban mutane ya faru, to gyaransa ma a gaban mutane ya kamata. Kuma da Hausa na rubuta, duk da na san sai kin bi ta a hankali kina motsa leɓe, domin Larabcina na cefane ne da asibiti, ba zai ɗauki wannan maganar ba. Tun ranar walimar gidan Gwaggonki Habiba ba ki kira ni ba. Babanki kike tura wa saƙo, shi ma layi ɗaya. Ni muryarki nake nema.

Ke kin san yadda aka yi, amma bari in maimaita, don akwai abin da ba ki gani ba daga can.

Gwaggonki ce ta tara mata a gidanta na Jurf bayan la'asar, don a kalli aikinki. Ta dafa shinkafa bukhari, ni na kai masa da miyar taushe. Aka haɗa wayarta da talabijin, sai ga ki cikin farar riga irin ta likitoci, a bayanki wani abu mai fanka takwas a kan tebur. Kika yi bayani da Larabci cewa ƙaramin samfuri ne na jirgi marar matuƙi da za a aika wani wata mai kewaya duniyar Zuhal, ya riƙa tashi yana sauka yana duba ƙasar wurin. Kika ce ke kina cikin masu gwada ɗan abin da zai riƙa auna masa iska da sanyi. Ɗaki ya ɗauki masha Allah, har da mai guɗa. Kusa da ke wata Baturiya mai furfura ta ɗaga hannu ta ce mana sannu. Malamarki ce, ke kika koya mata kalmar.

Sai kika juya Hausa, wadda rabon da in ji ta a bakinki har na manta. Kika ce, "Ummi, kin ga aikina? Ya yi kyau?" Duk ɗakin ya juyo kaina.

A damana Hajiya Ladi ce 'yar Maraɗi, ƙawar marigayiya kakarki, ga sauran tsofaffi a jere suna kallon bakina. Na ji kunya ta taso mini tun daga tafin ƙafa. Na ja mayafi na rufe rabin fuska, na ce, "Ita wannan? Ai tun tana ƙarama ba abin da ta iya sai ɓata wa mutane fanka." Tsofaffin suka kwashe da dariya. A cikin 'yan matan ba wadda ta ko murmusa. Na tashi na shige kicin wai zan ƙaro gahawa, alhali butar cike take. Daga can na jiyo kin ce, "Tayyib, Ummi," da wata 'yar murya da ban san ki da ita ba.

Abin da ba ki gani ba shi ne ina tsaye a kicin ɗin, hawaye suna zuba a kan farantin dabino.

Ke 'yar fari ce. A Kano inda na tashi, uwa ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yabonsa a gaban jama'a, ko wasa ba ta yi da shi ido na gani. Ni ma 'yar farin Inna ce. Har Allah ya karɓi ranta ban taɓa jin sunana a bakinta ba, sai dai ta ce "ke", ko "waccan". Ranar da zan taho Madina gidan babanki, ƙofar gida ma ba ta leƙo ba, maƙwabciya ta tura ta raka ni. Ban yi fushi ba, don na san wace ce take tusa mini tsokar nama a ƙarƙashin tuwo, inda ƙannena ba za su gani ba. A wurinmu ba a buƙatar a faɗa, kowa ya san abin da shirun yake nufi.

Na ɗauka ke ma kin sani. Na manta a Madina aka haife ki, inda uwa take tare 'yarta a ƙofar makaranta da "ya galbi, ya habibti", ta rungume ta kowa yana kallo. Ranar da aka ba ki kyautar lissafi a sakandare na zauna can layin baya. Da muka dawo kika ce, "Ummi, lesh?" wato me ya sa. Na ce miki kujerun gaba sun cika. Ba su cika ba. Su Larabawa maƙwabta ma da sunan ƙaninki suke kirana, Ummu Yasir, ni kuma hakan ya yi mini daɗi, ya rage mini nauyi.

Maganar fankar kuwa, ki tsaya ki ji ta daga ɓangarena. Kina 'yar firamare, muna tsohon gidanmu kusa da masallacin Ƙuba, na'urar sanyaya ɗaki ta lalace ana tsakiyar zafi, fanka ɗaya tal ta rage mana. Na fito daga wanka na same ki kin kwance ta, kin jera ƙusoshinta a faranti, wai kina son ganin abin da yake juya ta. Na yi faɗa har maƙwabta suka ji. Muka wuni muna fifita da kwali. Kafin babanki ya dawo kin mayar da ita tana juyi, waiwaye kawai ta daina yi. Na shiga ɗaki na rufe ƙofa, na yi dariya ni kaɗai, na ce Allah na gode maka da wannan kan. Da na ga fankoki takwas a bayanki, wannan ranar ce ta faɗo mini. A zuciyata yabo ne, a haka ya fito.

Da farko ma haushinki na ji, ba zan ɓoye miki ba. Na ce yarinyar da ta iya karatun taurari ta kasa karanta uwar da ta goya ta? Har na ce wa babanki in ta gama fushinta ta same ni inda ta bar ni. Kin san halinsa, sai kawai ya ci gaba da shafa man zafi a gwiwa.

Ranar Asabar na je salla Ƙuba, na haɗu da Hajiya Ladi a ƙofar mata. Ta kama hannuna ta ce, "Ke ɗiya, kin yi mani daidai ran nan. Haka muka taso, ba a yabon ɗan fari, baki na kama shi." Na ce na gode, amma yabon nan ya tsaya mini a wuya. Ina dawowa kuma maƙwabciyarmu Ummu Fahad ta tare ni a bakin gida, labari ya riga ya kai mata, ta ce, "Haram alaiki, ya Ummu Yasir, yarinya kamar wannan!" Ita ma na ce mata na gode, a raina ina cewa ke kuma wa ya aike ki. Na shiga gida ban san wanda zan bi ba a cikinsu.

Tunda ba ki kira ba, sai na koma neman abin naki a waya. Duk bidiyon da na samu da Larabci na kalla, wanda ban gane ba babanki ya fassara mini, wani lokaci shi ma ƙage yake yi, ina lura da shi. Ki ji ko na haddace. Sunan watan Taitan. Iskarsa tana da kauri, shi ya sa tashi zai yi wa jirgin sauƙi fiye da nan. Samansa a rufe yake da wani hayaƙi ruwan goro. Sanyinsa ya kai ruwa ya daskare ya zama kamar dutse, abin da ke sauka a matsayin ruwan sama kuma dangin gas ɗin tukunyar girkina ne, har tafkuna gare shi. Akwai tuddan rairayi irin waɗanda muke gani a hanyar Badar. Jirgin na gaske ya kai girman ƙaramar mota. Nisan wurin ya sa saƙo yana daɗewa kafin ya isa, don haka ba mai iya tuƙa shi daga nan. Shi zai duba ƙasa da idonsa, ya zaɓi inda zai sauka, ya huta, ya sake tashi. Kafin ya tashi kuwa sai ya san ƙarfin iska, wato sai ya tambayi abin nan da kike gwadawa.

Da na zo nan sai na ajiye wayar. Ashe abin da na kira ɓata fanka ke nan. Na kuma yi ta mamakin zuciyarku, ku gina abu da hannunku shekara da shekaru, ku sake shi ya tafi inda ba za ku iya kama hannunsa ba, kun kuma san ba zai dawo ba. Ni da na sake ki ƙasar da jirgi yake zuwa kullum ma ga yadda nake.

Duk da haka ban yi niyyar rubuta komai ba, sai shekaranjiya da Sumayya 'yar Gwaggonki ta biyo daga asibitinsu don ta gwada mini sukari. Tana naɗe kayanta ta ce, "Khala, kin san abin da ta faɗa wa malamarta bayan kin tashi?" Na ce ina zan sani, ina kicin, kuma Turanci ne. Ta ce malamar ta tambaye ki me mahaifiyarki ta ce har aka yi dariya. Kika ce mata, mahaifiyata ta ce tun ina ƙarama ta san wannan aikin zan yi, kuma tana alfahari da ni. Malamar ta dafa ƙirji tana jin daɗi. Ke kuma kika juya baya kamar kina gyara wani abu a tebur.

Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokacin ba, kuma ba irin kunyar da Inna ta koya mini ba ce. Ni na tsinka ki a gaban malamarki, ke kika rufa mini asiri. Kara da kawaicin da nake tunƙaho da su, ina ganin 'ya'yan Madina ba su san su ba, ke kika yi su a ranar. Sumayya ta ce sukarina ya hau, na ce mata ba sukari ba ne.

Ba zan zagi al'adarmu ba, a cikinta aka so ni, kuma an so ni sosai. Amma Inna ta yi shirunta ne a garin da kowa yake jin shiru. Ni na kawo nawa inda ba a jinsa, na ɗora wa yarinya ta yi ta fassara shi ita kaɗai tun tana ƙarama.

Ruƙayya.

Ga shi na rubuta. Na daɗe ina kallonsa kafin in ci gaba, kuma sai da na waiga in ga ko akwai kowa a ɗakin. Hajiya Ladi, na san jikarki za ta karanta miki wannan, ki yi haƙuri, ki ce zama cikin Larabawa ya cinye mini kunya, na yarda. Ruƙayya, aikinki ya yi kyau. Ya yi kyau ƙwarai. Ban san wata uwa a Ranuna, ko a Jurf, ko a Kano, da aka yi wa baiwar da aka yi mini ba. In baki ne abin tsoro, na bar wa Allah tsaronki, shi ya fi mayafina iya rufewa.

Babanki ya ce jirgin ko tashi bai yi ba tukuna, in ya tashi ma sai ya yi shekara da shekaru a hanya kafin ya isa. Ni da sukari da hawan jini ban sa rai lalle sai na ga saukarsa ba. In Allah ya kai ni, zan zauna a layin gaba. In kuma an riga an kai ni Baƙi'a, ba komai, wurin kwanciya ne da mutane suke roƙo. Abin da ba na so shi ne in tafi, maganar alfaharin nan tana nan a matsayin abin da ke kika ƙaga don ki fitar da ni kunya. Ki kira ni ranar Juma'a bayan an sauko. Ki ce malamar ta zo kusa. Zan faɗa da bakina, fuskata a buɗe, ke kuma ki fassara mata yadda na faɗa, ba sai kin gyara komai ba.

Allah ya yi miki albarka, ya tsare ki daga sanyin ƙasar nan da sharrin baki da na ido. Allah ya sa albarka a hannunki da hannun malamarki, ya kai jirginku lafiya, ya saukar da shi a wuri mai kyau. Allah ya jiƙan Inna, ya yafe mini, ya sanyaya zuciyarki a kaina. In Allah ya ba ki 'yar fari, ki kira ta da sunanta da ƙarfi, har maƙwabta su gaji da ji. Amin.

Wayata tana hannuna, na ƙara mata ƙara.

Taki har abada,
mahaifiyarki, daga Ranuna, Madina.