A Ɗakin Masu Ciwon Hannu Ake Cewa a Ɗaga Hannu

Zuwa ga Shugaban asibitin da ake tiyatar hannu a Gusau.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, kai da kujerarka mai juyawa.

Ni ne Babban Mai Binciken Asibitoci, wanda aka turo daga Abuja a asirce. Na shigo muku da silifa da tsohuwar riga, na zauna cikin marasa lafiya, ba wanda ya gane ni. Gyara zama, Likita.

Na ɗaya. Akwai wani Lawali, mutumin Kucheri ta ƙasar Tsafe, ɗan dako a kasuwar hatsi. Bara ya faɗo daga saman mota, lakarsa ta taɓu a wuya. Ƙafafu sun tafi, ya haƙura da su. Yatsun damarsa kuma sun dunƙule. Hagu na ɗan motsi, amma ya ce tun yana yaro ake buge masa hannu in ya kai hagu akushi, ba zai fara da gemu ba. Malamai sun gaya masa lalura ce, ya ƙi ji. In matarsa ta ba shi a baki gaban 'ya'yansa, sai ya kau da kai. Mutumin da ke saɓa buhun gero, yau haƙarƙarinsa duk a waje.

Na biyu. Likitanku na hannu, Allah ya saka masa, ya ce akwai dabara: a ɗauko jijiya mai rai a haɗa da babban yatsa, ya riƙa riƙe cokali da kansa. Amma ya ce kada a daɗe, in gaɓoɓin suka sandare aikin ba zai ci ba. Shi kuma ba kullum yake zuwa ba.

Na uku, nan ne abin kunyar. Ranar da likitan ya dawo, malamin katinku ya kame bayan taga yana kiran suna, ya ce duk wanda ya ji nasa ya ɗaga hannu. A ɗakin masu ciwon hannu, Likita! Wane mai basira ne ya kawo wannan doka, mu kai masa goro? Lawali na kwance kan tabarma can baya, don keken guragu ba ya ratsa bencinanku. Ƙanensa kuma ma'aikatanku sun aike shi karɓo hoton ƙashi. Da aka kira sunan Lawali ya amsa, amma ƙirjinsa ba ƙarfi, muryar ba ta wuce tabarmar ba. Aka tsallake shi. Wata baiwar Allah daga Bungudu, wadda injin markaɗe ya murje wa yatsu, ta ɗaga nata da kyar tana hawaye. Da ƙanen ya dawo yana roƙo, aka ce doka ce, aka ja labule.

Ga buƙatuna. Malamin kati ya tashi ya taka, ƙafafunsa lau suke. A buɗe hanya tsakanin bencina. A mayar da Lawali gaban likita kafin yatsun su bushe, don in sun bushe, a wuyanku hakkin yake.

Allah ya ba ka lafiya, ya bar maka hannuwanka biyu, kada ya sa ka san yadda ake jin sunanka ya wuce kana kallo.

To, Likita, share zufa. Ban taɓa zuwa Abuja ba. Ni ne Bashar, ƙanen Lawali, mai wankin babura a bakin tasha, wanda mai gadinku ya kora da sanda. Allo kaɗai na yi, da ajami na rubuta wannan, abokina ya juya ta boko. Da na fara da sunana, da tuni an ƙunshe ƙosai da ita. Ranar da likita zai dawo ina nan, ko ruwa ba zan je sha ba. In aka kira Lawali zan ɗaga hannu biyu, har da ƙafa in kuna so.

Wassalam.