Babi Ukun da Baba Bai Karanta Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Mu nan lafiya, sai kumburin ƙafar Inna da ya ƙi sauka. Na ɗauko takarda ne don na san halinka a waya: "Lafiya lau, a gaida Inna," sai ƙit.

Ka tuna littafin Baba mai shuɗin bango? Wanda yake karanta mana da yamma in ya rufe shagon gyaran rediyo, ya bi layi da yatsa, ya ɗago ya juya mana da Hausa? To, an yi fim ɗinsa. Wata mai kawo mini ɗinki ce ta ba ni labari, na nemo, muka kalla ni da Inna.

Yaya, komai yana nan. Tashar da ke can sararin sama a kan wani wata mai ƙanƙara, matar da aka bari ta tsare na'urar kira, jirgin da ya ce zai dawo bayan kwana ɗari. Har na'urorin ma irin na da suka yi, masu abin murɗawa da allura mai rawa, irin tarkacen teburin Baba. Da matar ta ce, "Tasha na kira, akwai mai ji?" sai na ji muryar Autarmu. Ka tuna yadda take rungume mataccen rediyo a ƙarƙashin tebur tana faɗin haka.

Yau shekara arba'in da ɗaya, sai yanzu na san ƙarshen. Sun dawo. Ƙofa ta buɗe, sun same ta da furfura amma da ranta. Na yi kuka har da majina. Na waiga, Inna ko gezau. Ta ce, "Ba haka yake a littafin ba."

Na ce, "Inna, ke da ba kya karatu? Kuma ai Baba bai ƙarasa ba. Tun ranar da aka kai Auta asibiti bai sake buɗe shi ba."

Cewa kawai ta yi in rubuto maka ka zo da littafin, ka karanta mata babi ukun da suka rage. Ta ce kai take so, ba ni ba. Likita ya ce zuciyarta ta gaji. Ba tsorata ka nake yi ba, amma kada ka ja lokaci.

Ka huta lafiya.
Ƙanwarka

*

Zuwa ga ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Takardarki ta same ni lafiya. Ki gaida Inna da jiki, Allah Ya ba ta sauƙi.

Na nemi fim ɗin na kalla. Ban ga abin kuka a ciki ba, amma ke dama ko tallan sabulu yana sa ki hawaye. Sun yi ƙoƙari wajen na'urori, wannan na yarda. Sauran kuwa sun ɓata. A littafin matar ba kyakkyawa ba ce. Gajera ce mai tari, mai mita, tana zagin na'urar in ta ƙi kamawa. A fim sun kawo wata mai santsin fuska wadda ko gashinta ba ya hargitsewa. A littafin shiru ne yake cin ta, Baba ma yakan dakata a wuraren nan har mu ji ƙarar agogon bango. A fim ba su bar ko minti ɗaya babu kiɗa ba. Sun kuma ƙirƙiro mata ɗan mutum-mutumi mai ban dariya, don kada mai kallo ya ji kaɗaicin da saboda shi aka rubuta littafin tun farko. Ƙarshen kuwa ƙarya ce tsagwaronta, an yi ta ne don mutane su fita suna murmushi.

Batun zuwa, yanzu da wuya. Kin san aikinmu a tashar auna yanayi. Damina ta kankama, kowace awa uku sai an duba ma'aunin ruwa da na iska an aika da rahoto, abokin aikina kuma yana hutu. Littafin ma ya tsufa, ɗinkinsa ya saki, ba zai jure tafiya ba. Zan nemo sabon bugu in aiko miki. Ke ma kin iya karatu, in kin ajiye almakashi.

Ki kula da ba Inna magani a kan lokaci.

Wassalam.
Yayanki

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Muna gaida ku duka.

Na karanta takardarka sau uku a kan keken ɗinki, har na ɗinke hannun riga a baibai. Ka ce ƙarshen ƙarya ce. A ina ka sani? Wayar tagullar da Baba yake sa alama da ita, da idona na gan ta a inda ya tsaya ranar da ka ɗauki littafin bayan rasuwarsa. Ke nan kai ka sani, Inna ta sani, ni kaɗai ce sakarar gidan da ke kuka don an buɗe ƙofa.

Kada ka kawo mini zancen ma'aunin ruwa. Ruwa ba ya fasa sauka don ba ka tsaye a kansa. Na daɗe ina lura da kai. Tun da ka girma ba ka taɓa kwana a gidan nan ba. In ka zo, a falo kake gaida Inna, kuma in za ka wuce ɗakin tsakiya sai ka kau da kai. Na ɗauka miskilanci ne irin naka.

Ga abin da ya hana ni sukuni. Kullum da hantsi Inna sai ta ce in sa mata ƙarshen fim ɗin. Tana kallo har a zo inda ake jin taku a bayan ƙofar tashar, matar ta ɗago kai. Nan take cewa, "Kashe." Ba ta taɓa bari ƙofar ta buɗe ba tun kallon farko. Sai ta zauna tana duban baƙin gilashin, hannunta a kan gwiwa. Jiya na ji tana magana ƙasa-ƙasa, na matso, ashe cewa take, "Akwai mai ji."

Sabon bugu ba ta so. Ta ce na Baba, da bakinka. Ina jin tsoro, Yaya. Ka gaya mini abin da kuka sani.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Wa'alaikumus salam. Ina fatan Inna ta ji sauƙi. Abin da zan rubuta ban taɓa gaya wa kowa ba, har matata. Kada ki karanta wa Inna.

Ina da shekara goma sha uku, Auta bakwai. Rana ta huɗu da zazzaɓinta, aka ce in zauna a ɗakin tsakiya in yi mata fifita. Abokaina suna ƙwallo a bayan gida, ina jin ihunsu. Ita kuma ba ta da magana sai ɗaya: "Yaya, za su dawo su ɗauke ta?" Ta tambaya ya fi sau ashirin. Ni kuwa tun kafin nan na saci littafin daga aljihun teburin Baba na leƙa shafin ƙarshe, don in fi ku sani.

Haushi ya kama ni. Na ce mata, "Ba za su dawo ba. Sai bayan shekara sittin wani jirgi ya zo, ya tarar ta daɗe da mutuwa ita kaɗai. Muryarta ce kawai da ta naɗa take ta kira." Har kwaikwayon muryar na yi mata. Ba ta yi kuka ba. Ta dube ni kawai, ta juya fuskarta bango.

Washegari aka kai ta asibiti, ɗakin masu cuta mai yaɗuwa, inda ba a barin kowa ya zauna da mara lafiya. Ke an bar ki a gida, ni na raka su. Na ga an rufe ƙofa, na gan ta ta gilashi, ƙarama a kan babban gado. Kin san sauran.

Shekara arba'in da ɗaya ina tunanin abin da ta kwanta da shi a ranta. Ni na gaya mata cewa wanda aka bari, ba a dawowa ɗaukarsa. A wurin aiki, in na kunna rediyo zan aika da rahoto, akwai 'yar ƙara da take yi kafin a amsa. Har yau sai na riƙe numfashi.

Ban san yadda Inna ta san ƙarshen ba. Amma ba zan iya zama a gabanta in karanta wannan shafin ba.

Ki yafe mini.
Yayanki

*

Yayana,

Assalamu alaikum. Ban karanta mata ba, kamar yadda ka ce. Na rufe shago, na zauna a bakin gadonta ina matsa mata ƙafa, na ce, "Inna, wa ya gaya miki ƙarshen littafin?"

Ta ce, "Yayanki. Ina bakin taga ina shanya, na ji shi tas."

Na ce, "Shekara arba'in ba ki taɓa yi masa maganar ba?"

Ta ce, "Yaro ne da ya gaji da fifita. Me zan ce masa? Da ya fita na shiga. Na ce wa Auta, rabu da Yayanki, bai iya karatu ba, a juye ya riƙe littafin. Na ce za su dawo. Matar za ta ji taku, ƙofa ta buɗe, su same ta ta yi furfura tana yi musu faɗa. Har dariya Auta ta yi. Ta ce za ta tsokane shi in ta warke."

Yaya, ka ji. Ba da maganarka ta tafi ba, da ta Inna ta tafi. Tana yi maka dariya.

Na ɗauka shi ke nan, sai Inna ta riƙe hannuna. Ta ce, "Masu fim ɗin nan ƙaryata suka ɗauka. Ni na ce mata ana dawowa. A bakin ƙofar asibitin ma na ce mata, da safe zan dawo, ki saurari takuna. Na dawo ƙarfe takwas daidai, lokacin da suke buɗewa. Na tarar sun naɗe katifar."

Ta ce ba ta san ko Auta ta yi ta saurare ba. Ba ta san ko ta yi fushi ba. Shi ya sa ba ta iya kallon ƙofar fim ɗin tana buɗewa. Abin da take so shi ne ta ji yadda matar littafin ta yi kwanakinta na ƙarshe, bayan ta gane ba za a zo ba. Ko ta tsine musu, ko ta yafe. Ta ce mai littafin bai ji tsoron faɗin gaskiya ba, kuma kai kaɗai ne a gidan nan ka taɓa faɗinta.

Ka daina ɓuya, Yaya. Ku biyu kuna ɗauke da abu ɗaya, kowa a ɗakinsa. Jiya ba ta iya tashi zaune ba sai da na tallafe ta.

Ƙanwarka

*

Ƙanwata,

Wa'alaikumus salam.

Shafin ƙarshe kaɗai na leƙa a lokacin. Abin da ke cikin babi ukun ban sani ba, ko ta tsine ko ta yafe. Jiya na ɗauko littafin zan duba tukuna, sai na fasa. Wayar tagullar tana inda Baba ya bar ta. A gaban Inna zan cire, mu ji tare, duk abin da ya ƙunsa.

Na sami wanda zai riƙe mini aiki. Ki share ɗakin tsakiya, a nan zan sauka.

Amma kada ki ce wa Inna ina zuwa, kada ki sa mata rana. Irin wannan alkawarin ya isa haka a gidanmu. Ki bari kawai ta ji taku.

Sai na iso, in Allah Ya yarda.
Yayanki