Guzurin Mama Rahila

Gyadi-Gyadi, Kano
Janairu, 2000

Ƙawata Saratu,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun isa Zonkwa lafiya. Ya ƙarin haƙuri? Ranar jana'izar mahaifiyarki, Mama Rahila, ban samu sararin yi miki magana ba saboda cinkoson jama'a.

A asibiti har yanzu ba mu saba da rashinta ba. Ba ma'aikaciyarmu ba ce, amma ko mu masu farin kaya ba mu kai ta sammako ba. Ga tulun kunu don marasa ɗan jinya, ga tafinta. Yawon da ta yi a bayan mijinta marigayi Sajan Istifanus, daga barikin Inugu zuwa Abekuta, Makurɗi, Maiduguri, bai tafi a banza ba. Duk majinyacin da ba ya jin Hausa, sai ta zauna ta yi masa yarensu har da zagin wasa. Wallahi ina kewarta, har faɗan da take mini kan jan ƙafa.

'Yarki Lami tana wurina, ta duƙufa kan jarrabawarta ta ƙarshe ta aikin jinya. Da muka je Tarauni kwashe ɗakin Mama, mun tarar da akwatin ƙarfenta a bakin ƙofa, shaƙe da garin kwaki, ƙuli-ƙuli, soyayyar gyaɗa da dambun nama, duk sababbi. Muka yi ta dariya, wai tsohuwa ta yi guzurin lahira.

Ki gaida Baban Lami.
Taki, Larai

Zonkwa
Fabrairu, 2000

Hajiya Larai,

Na gode da ɗawainiya, Ubangiji ya saka. Muna lafiya.

Abin da ya ba ku dariya ni ya hana ni cin abinci. Mama ba ta cika akwatin nan don canjin bariki. In canji ne, buhu take ɗaurewa. Akwatin na gudu ne. Ta cika shi a Abekuta ina ƙarama, sati bai zagayo ba muka kwanta a ƙarƙashin gado ana harbi. Ta cika shi a Inugu kafin yaƙi. Ta cika shi a Kano kafin rikicin 'Yan Awaki. Na taɓa tambayarta yadda take sani, ta ce matar soja ba a gaya mata komai, sai ta koyi kallon bakin famfo: in mata suka daina raha suna ɗiban ruwa, kowa na kallon bokitinta, to a soya gyaɗa.

Ki turo mini Lami. Jarrabawa ta jira baɗi.

Saratu

Gyadi-Gyadi

Saratu sarkin tsoro,

Bayan gaisuwa. Haba, sojan ma sun koma bariki, farar hula muka zaɓa da hannunmu, wa zai yi harbin? Kuma mace ta haura tamanin, ai hannu kan maimaita abin da ya saba. Lami ta yi kuka da na karanta mata takardarki. Shekarun da ta ɓata tana karatun nan ki ce ta bari saura ƙiris?

Amma ba zan ɓoye miki ba, tun da kika faɗa na kasa daina kallon famfon layinmu. Uwani mai awara da Maman Joshua, waɗanda kullum sai an raba su da hira, jiya sannu kawai suka yi wa juna. Maganar shari'a ta cika motar haya, kowa na magana ƙasa-ƙasa, in ka shigo a yi shiru a duba shigarka. Maƙwabciyar Mama kuma ta ce mini ranar da Mama take suyar guzurin, ta tambaye ta ina zuwa. Mama ta ce, “Ni na gama tafiya. Na yarinyar ne.”

Duk da haka Lami a ɗakina take kwana, ba mai taɓa ta sai ya bi ta kaina. Ki bar ta ta rubuta.

Taki, Larai

Zonkwa

Hajiya,

Na gaishe ki. Na san za ki tare mata, amma ƙofarki ta katako ce. Mama ba ta taɓa kuskure ba. Don girman Allah ki sa ta a mota ranar Litinin.

Saratu

Gyadi-Gyadi
Litinin, 21 ga Fabrairu

Saratu,

Na bi maganarki. Da safe na kai Lami tashar Unguwa Uku, ba ta ko kalle ni ba don fushi. Babu motar Zonkwa, sai na sa ta a ta Kaduna, ta canza a can.

Kano lafiya lau, ko kaza ba a taka ba. Yanzu rediyo ke cewa tun hantsi ake ƙone-ƙone a Kaduna, ana tare motoci. Na koma tasha, babu direba ɗaya da ya dawo daga hanyar.

Wannan takarda ta Jos za ta biyo. In ta same ki Lami na gabanki, ki ba direban amsa, ko kalma ɗaya ce. Ina zaune a tashar.

Larai