Ba Za a Ƙona Giwayenka Ba

Zuwa ga Yayana Nasir,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa irin ta ƙanwa ga yayanta, ina fatan Allah Ya sa kana cikin ni'ima a makwancinka. Mama tana nan wurina, da sauƙi. Ta fara cin abinci, sai dai har yanzu idan ta ji an murɗa mukulli a ƙofa takan ɗago kai.

Na rubuto ne a kan sojojinka na wasa. Tun da muka kwashe kayanka suke jibge a ɗakin baƙina, akwati kan akwati, kowane soja bai kai ɗan yatsa ba, kwance cikin soso kamar ƙwai. Mutanen Kartaj na zamanin da, masu mashi, masu majajjawa, da giwaye. Ka bar mana tsohuwar mota, da takalman aikin sito, da runduna. Rundunar ce kawai ta tayar da shari'a.

Anti Rabi ce ta buɗe akwati ɗaya ranar sadaka, tana neman faranti. Kafin a watse hukunci ya fito: gumaka ne, mala'iku ba sa shiga gidan da suke, ga kuma ɗan lido a ciki, wato caca. Wannan duk da sauƙi. Abin da ya tsaya wa Mama a rai shi ne da aka ce mata muddin suna nan, kana ɗauke da nauyinsu a kabari. Anti ta ce akwai fili a bayan gidanta a McLeansville, can bayan gari, inda take ƙona ganye. Ranar Asabar za ta turo mota.

Ba zan ba da su ba, Yaya. Saƙon ke nan, sauran bayani ne.

Ba su san ka riga su wannan tunanin ba. Na tuna ranar da ka dawo daga wajen Malam da tambayarka, ka ce bai ce maka e ba, bai ce a'a ba. Daga ranar ka daina sa musu ido. Kakan kwashe yamma guda da buroshi mai baki kamar allura, ka yi wa garkuwa ƙusoshi, ka yi wa takalmi ƙura, ka yi wa gemu furfura, amma gurbin ido ka bar shi a shafe. Abokan wasanka suka ɗauka salo ne. Alƙalan gasar fenti kuma suka riƙa rage maka maki, kai kuwa kana cewa, "Gara a rage min a nan." Ni ba malama ba ce, magani na karanta, ban san ko hakan ya wadatar ba. Na dai san mai wasa da addininsa ba ya yin haka.

Asabar da ta wuce na je shagon nan da kuke wasan yaƙi a titin Wendover, wanda ke tsakanin masu gyaran farce da masu katifa. Na tarar da manya da furfurarsu sun duƙa a kan tebur mai ciyawar roba, kowa da tef ɗin awo kamar taron teloli, suna musu a kan ko mashi ya kai bakin kogi. Walter ya gane ni. Shi ne dattijon Baturen da ya tsaya can gefe a maƙabarta, hula a hannu, har aka gama. Ya ce an bar maka gurbinka a yaƙin da kuka faro tun bazara, ba wanda ya yarda ya karɓe ƙasarka.

Na ce to a koya min. Ya jera tasa rundunar, ƙwarangwal zalla, matattu da takubba, har da wani a kan mushen doki. Na ce a raina Allah Ya so Anti da ba wannan akwatin ta buɗe ba.

Na yi abin da duk mai hankali zai yi, na sa giwaye a gaba tunda su ne manya. Walter ya yi gyaran murya. Kibiya ta sauka, na jefa ɗan lido, ya ba ni lamba mafi ƙanƙanta. Giwa ta firgita, ta juyo ta bi ta kan masu mashina har ta fita daga tebur. Sai a lokacin na gane maganar da ka sha yi min duk ranar da na shigo gida da faɗa: "Bilki, giwa idan ta tsorata, nata take fara takawa." Ashe ba karin magana ba ce, doka ce, tana cikin littafin wasan.

Ana tsakiyar karkashe ni, Walter ya dubi agogo ya ajiye tef. Na tebur na kusa ma suka rage murya. Ya nuna min ƙofar ɗakin ajiya, ya ce lokacin ya yi, a nan kake yi, kuma ba mai taɓa komai sai na dawo. La'asar yake nufi. Mutumin da bai san Fatiha ba, ya san yadda lokacin ke matsawa daga rani zuwa hunturu, saboda kai. Na shiga, na ga dardumarka a naɗe a kan kwalin fenti. Na daɗe kafin na iya tayar da kabbara.

Mai shagon ya share maka kanta guda a bayan gilashi. Ranar Juma'a in na tashi daga aiki zan kwashe su in kai can. Da farko na yi niyyar in bar Mama ta ɗauka an ƙona, sai na ga ba zan tsare maka amana da ƙarya ba. Jiya na zauna a gabanta na gaya mata komai. Ta ture kofin shayinta gefe, sannan ta ce, "Ki fitar min da su daga gida. Inda kika kai su, ke da Allah." Ba albarka ba ce, na sani. Ba kuma hani ba ne, ni kuwa 'yarta ce, na san bambancin.

Saura Anti. Ranar Asabar motarta za ta zo ta tarar da ɗaki a share. Zan durƙusa in gaishe ta yadda aka koya mana, in sha faɗan har ta gaji, in ce mata a'a da ladabi. Daga nan in wuce shago, don Walter yana jira, kuma ƙasarka ba za ta faɗi a hannuna ba tare da na koyi riƙe ta ba.

Allah Ya jiƙanka, Yayana, Ya haskaka kabarinka, Ya karɓi sallolin da ka yi a ɗakin ajiyar nan. Idan akwai laifi a cikin abin da ka bari, Ya yafe maka, tunda yanzu a hannuna yake, da sanina na ɗauka. Ya sanyaya zuciyar Mama, Ya sada mu a Aljanna. Amin.

Taka ƙanwa,
Bilkisu