Inna Ta Fara Kama Sunan 'Yar Fari

Goggo Daso, don girman Allah ki taimake ni kafin bakina ya ja mini nadama.

Ni kwandasta ne a motar Suleja zuwa Abuja. A aji huɗu na bar firamare, sauran karatun a jaridun da fasinja ke mantawa na koya, sai ki yi haƙuri da rubutuna. Yayata Rabi'a ce mai boko. Likita ce a Ingila, tana binciken ƙananan jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa, waɗanda in sun toshe mutum ke ta mantuwa har ya manta kansa. Kwanan nan aka ba ta shugabancin ɗakin bincike, abin da ta daɗe tana wa wahala. To madalla! Tana can tana leƙen ƙwaƙwalwar ɓeraye, ni ina nan ina kamo Innarmu a bakin kasuwa da takalmi wari guda.

Ciwon da take bincike a kai shi ke cin Inna. Ta sani, tana aiko magani, ba zan yi mata ƙarya ba. Amma akwai abin da ban gaya mata ba. Ita ce 'yar fari. Tunda aka haife ta Inna ba ta taɓa kama sunanta ba, sai dai "waccan". Ranar da za ta tafi ma Inna ko kai ba ta ɗaga daga tsintar shinkafa ba. Yanzu ciwo ya cinye kunyar. Sai ta zauna a ƙofar ɗaki tana kiran "Rabi'atu, Rabi'atu" da wata murya da ni auta ban taɓa samu ba. Ni da ke ba ta tuwo a baki, "Malam" take ce mini.

Ran Juma'a Yaya za ta bugo waya shagon maƙwabcinmu Akinola. In na faɗa, na san halinta, watsar da aikin za ta yi ta taho. Wallahi wani lokaci so nake in faɗa don ya yi mata zafi. In na yi shiru kuma, ƙila Inna ta tafi Yaya ba ta ji ba. Ya zan yi?

Auta Mai Fushi, Suleja

Ɗana Auta,

Fushinka gajiya ce, kuma kana da hujja: jinya ta fi ƙarfin mutum ɗaya. Amma yayarka ba gudu ta yi ba. Aikinta ƙila ba zai ceci Inna ba, zai iya ceton uwar wani.

Ka faɗa mata. Sai dai ka fara yi mata barka da matsayinta, da zuciya ɗaya, sannan ka faɗa a hankali. Kada ka ce ta bar aiki, kada ka ce ta zauna. Ka roƙe ta ta nemi hutu ta zo da wuri, tun kiran bai ɗauke ba. In ta zo, ku samo wata a dangi da za ta riƙa karɓar ka.

Batun "Malam" kuwa, Inna ta manta sunanka, amma hannunka take buɗe wa baki.

Sunan Rabi'a kuwa, ta riƙe shi a cikinta tsawon rayuwar yayarka, yanzu ta sake shi. Kada kai ka riƙe. Allah ya ba ta sauƙi, ya sa ka gama da ita lafiya.

Goggo Daso