Na Saya Wa Babana Gida Ta Waya, Ya Rasa Jana'izar Amininsa

Anti Aina'u, don girman Allah ki taimake ni da shawara, kaina ya ɗaure. Na daɗe ina karanta wannan fili naki, ina tausaya wa mutane, ban taɓa zaton wata rana ni ce zan kawo kuka ba. Ki yi haƙuri in maganar ta yi tsawo, a nan inda nake ba ni da wanda zan zazzage wa cikina ya gane abin da nake nufi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce a Ingila. Asalina wani ƙauye ne arewa da Dawakin Tofa, ba zan faɗi sunansa ba. Mu Kirista ne, manoma tun kaka da kakanni. Innarmu ta rasu, mu biyu muka rage wa Baba, ni da ƙanena Mika, wanda yake harkar hatsi a kasuwar Ɗambatta, can ma yake zaune da iyalinsa. Baba shi kaɗai ne a gidan ƙasar da aka haife mu, daga shi sai awakinsa da rumbunsa.

A daminar bara katangar ɗakin Inna ta zube. Allah ya kiyaye ba kowa a ciki, Mika ya turo min hoton. Ina bakin aiki ina duba tsofaffin wasu, zuciyata tana raya min cewa wata rana za a kira ni a ce gini ya danne nawa tsohon. Na ce wallahi ba zan jira wannan kiran ba. Hutu ba ya samuwa yadda mutum yake so, sai wata ƙawata ta haɗa ni da wani dillali, Zaharaddini, ta ce ba sai na zo ba, ta kiran bidiyo yake zagayawa da mutum gida ɗaki-ɗaki.

Haka kuwa aka yi. In na samu hutun cin abinci sai in zauna a wani lungu a asibiti, shi kuma ya ɗaga waya ya shiga gida da ni. In ce ya ƙwanƙwasa bango in ji, ya ƙwanƙwasa. In ce ya haska silin in ga ko akwai alamar yoyo, ya haska. Har guga na sa ya zura a rijiya ya ɗebo ruwa ya nuna min launinsa. Gaskiya yaron kirki ne, bai taɓa ɓoye min aibu ba. Akwai gidan da na so, shi da bakinsa ya ce in haƙura, ruwa yana kwanciya a ƙofar. Mun duba gidaje da dama har muka zo kan wani na bulo da kwano a sabuwar unguwa a gefen garin Dawakin Tofa. Tayil a ɗakuna, banɗaki a ciki, tsakar gida an shafe ta da siminti tas. Abokan aikina suna leƙowa ta kafaɗata suna yabawa, ni kuma kaina yana fasuwa, ina cewa a raina yau 'yar manomi za ta fitar da ubanta daga gidan ƙasa.

Ranar dubawa ta ƙarshe na sa Mika ya ɗauko Baba a mashin ya kawo shi. Na gan shi a gefen hoton, ya sa rigarsa ta zuwa coci. Bai shiga ɗaki ko ɗaya ba. Ya tsaya a tsakar gida yana bubbuga simintin da sandarsa, ya faɗi wata magana, sabis ya ɗauke ban ji ba. Da sabis ya dawo na tambaya, Zaharaddini ya ce Baba yana tambaya ne ina za a kafa turke. Anti, dariya na yi. Na ce a faɗa masa ai an gama da kiwo, lokacin hutunsa ya yi. Daga nan na ce a mayar da ni kicin in sake ganin wurin wanke-wanke. Zaharaddini ya ma ce ko mu fita ya zagaya da ni unguwar, na duba agogo na ce ba komai, lokacina ya ƙure. Da aka miƙa wa Baba wayar na tambaye shi ko gidan ya yi masa, abin da ya ce kawai, Allah ya yi miki albarka. Ni kuma na ɗauki albarkar a matsayin amincewa.

Bayan kaka Baba ya tare a sabon gidan. Awakin aka kai wa ƙanwarsa, Gwaggo Leah, can ƙauye.

Akwai wani mutum da ya kamata in gaya miki labarinsa tun farko. Malam Tasi'u maƙwabcinmu ne, gonar dawa ce kawai tsakanin gidanmu da nasa, yana koyar da karatun Alƙur'ani. Tare suka yi kiwo da Baba tun suna yara. Tun da na yi wayo, kullum in Malam ya idar da la'asar sai su haɗu a gindin wata ɗorawa da ke iyakar gonakinsu, su yi ta musu kan iri da ruwan sama har rana ta yi ja. Naman layyarsa ba ya wuce gidanmu, shinkafar Kirsimetinmu ba ta wuce nasa. Ranar da Inna ta rasu, shi ya tsaya a kan masu haƙa kabari, yana kuka kamar yaro. Duk na san wannan, amma ko sau ɗaya bai zo min a rai ba lokacin da nake ƙirga tagogi a waya.

Sabuwar unguwar ta ma'aikata ce. Da safe kowa ya ja get ya tafi, wasu gidajen ma ba a gama ginawa ba. Babu dakali, babu itacen da za a zauna a inuwarsa. Da fari Baba yana hawa acaɓa ya je ƙauye ya wuni, daga baya ya ce hanyar tana karya masa ƙugu, ya rage zuwa. Cocinmu ma ta yi masa nisa.

Da bazara Malam Tasi'u ya yanke jiki ya faɗi da hantsi, kafin azahar rai ya yi halinsa. 'Ya'yansa sun yi ta kiran Baba, ashe wayarsa tana wurin masu caji. Sai da aka samu wanda ya zo har gida ya ɗauko shi. Suna isa, mutane suna dawowa daga maƙabarta. Gwaggo Leah ta ce Baba bai yi kuka ba, ya zauna a ƙasa a ƙofar gidan Malam, ya ce da yana gida da ko kukan matan zai jiyo daga ƙofar ɗakinsa.

Tun daga ranar Baba ya canja. In na kira, gaisuwa ce kawai, lafiya lau, mun gode, Allah ya taimaka. Bai taɓa faɗa min magana mai zafi ba, da ma ya zage ni da na fi samun sauƙi. Ya rame, kuma ni ma'aikaciyar jinya ce, na san ramar da ba ta ciwo ba ce. Mika ya ce min ni na janyo, wai na zauna a ƙasar Turawa ina juya rayuwar mutane da ɗan yatsa. Mun yi cacar baki, yanzu sai ta matarsa nake jin labari. Shi so yake a sayar da sabon gidan ya ɗauke Baba ya kai Ɗambatta. Zaharaddini kuma ya ce akwai wani a Abuja da yake so a nuna masa gidan, shi ma ta kiran bidiyo.

Anti, in na mayar da shi gidan ƙasa, ga damina tana tafe. In na bar shi, ina ganinsa yana ƙarewa. Kuma ko ya koma, wanda yake zama da shi a gindin ɗorawar ba ya nan. Na so in yi masa gata ne, wallahi ba wani abu ba. Yaya zan yi?

Daga wata 'yar manomi da ke nesa da gida.

Amsa

'Yata, na karanta wasiƙarki, kuma kafin komai ina yi muku ta'aziyya, ke da Baba. Allah ya jiƙan Malam Tasi'u, ya sa ya huta. Irin wannan amincin ya yi ƙaranci a zamanin nan.

Bari in fara sauke miki kayan da ba naki ba. Ba ke kika kawo ajalin Malam ba, kuma tsoron da ya sa kika nemi gida tsoro ne na gaskiya. Katanga ta zube a idon kowa, 'ya ta gari ba ta ganin haka ta koma barci. Dillalinki bai cuce ki ba, kamar yadda kika shaida da kanki. Mika da yake ɗora miki laifi yau, yana tsaye a tsakar gidan nan lokacin da Baba ya yi tambayarsa, da kunnensa ya ji, ba sabis ɗin da ya ɗauke masa, kuma bai ce a dakata ba. Shi ma Baba yana da nasa kason, domin da ya ce ba ya so, na tabbata da kin tsaya. Sai dai kin san dattawanmu da kawaici. Uba ba ya iya duban 'yarsa da ta yi gumi a ƙasar wasu ya ce mata ta riƙe kyautarta.

Amma ba zan yi miki daɗin baki ba, akwai inda kika yi kuskure. Kin duba gidan da kyau, ba ki duba mai shiga gidan ba. Waya inda aka juya ta nan take nunawa, kuma ke ce kike faɗin inda za a juya. Ta nuna miki bango da rijiya, ba ta da yadda za ta nuna miki wanda zai yi wa Baba sallama da yamma. Rashin jana'izar nan ciwo ne babba a wurinsa, kada ki yi ƙoƙarin rage masa girma, kada kuma ki nemi shafe shi da aiken kaya.

Yanzu abin yi. Ki gaya wa Zaharaddini a jingine maganar mai saye. Ki kira Mika da kanki, ba ta matarsa ba, ke ce babba, ki fara sassautowa. Ki nuna masa cewa ɗauke Baba a kai Ɗambatta ba tare da an ji ta bakinsa ba, maimaita abin da ya faru ne, gari kawai aka canja.

Sannan ki nemi hutu ki zo. Wannan karon waya ba za ta yi ba, zumunci a ƙafa yake. Ki ɗauki Baba ku je gidan Malam Tasi'u ki yi wa iyalansa gaisuwa, komai daɗewar rasuwar. Ki nemi gafarar Baba sau ɗaya, a fili, ba tare da dogon bayanin niyyarki ba, ya riga ya san niyyarki. Kada ki tsare shi da tambayar inda yake so ya zauna, zai sake sa miki albarka ne ya yi shiru. Ki bi ta wurin Gwaggo Leah. Abin da ba zai iya faɗa wa 'yarsa ba, zai faɗa wa ƙanwarsa.

In ƙauye ya zaɓa, kuma ina kyautata zaton haka, ba dole ne ya koma ƙarƙashin katangar da kike tsoro ba. A samu magini ya duba tsohon gidan, a rushe abin da ya ruɓe, a tayar masa da ɗaki ɗaya mai ƙwari da kwano kafin ruwa ya sauka sosai, a nemi wani cikin dangi ya zauna kusa da shi. Gidan gari ba asara ba ne. A sa haya, ko a bar masa ɗaki don ranar zuwa asibiti. Kin ce Malam ba ya nan, haka ne. Amma 'ya'yansa suna nan, gonar tana nan, kabarin Innarku yana nan, da mutanen da suka san Baba tun kafin ya yi furfura. Mai makoki ya fi samun sauƙi a cikin waɗanda suka san wanda ya rasa.

Ga sauran masu karatu da ke nesa suna duba gida ta bidiyo, ban ce ku daina ba, hanya ce mai amfani. Amma ku sa a fita da wayar waje ku ga unguwa, ku tura wanda kuka yarda da shi ya taka da ƙafarsa, a tabbatar da takardu wurin mai unguwa da hukuma, kuma in wani za ku saya wa, ku bar shi ya yi magana har ya gama.

'Yata, babanki yana da rai, kuma wannan ita ce babbar sa'arki. Da yawa cikin masu rubuto min sai bayan an rufe nasu suke gane abin da kika gane yau. Ki yi sauri, amma in kin iso ki zauna, ki rage magana, ki ci tuwo tare da shi. Allah ya kawo ki lafiya, ya daidaita tsakaninki da ɗan'uwanki, ya ba Baba tsawon rai da kwanciyar hankali.

Taku, Anti Aina'u.