Atarin da Ka Bari a Kunne

Ka'akiyya, Makka
Safar 1435

Zuwa ga maigidana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata ka isa Kano lafiya, ka tarar da su Baba lafiya. Maƙwabciyarku Hajiya Ɗaso da ta zo umara ita za ta kawo maka wannan. Na zaɓi takarda ne don a waya kuka ba ya bari in yi magana. Kada ka yi wa Hausata dariya, ka san 'yar Makka ka aura.

Ranar da ka fita sayo burodi 'yan jawazat, jami'an shige da fice, suka kama ka saboda iƙamarka ta zama a ƙasar ta mutu, ka tuna abin da ka bari? Atarinka, injin wasan nan na talabijin, a kunne. Ka tsayar da wasan, ɗan mutumin nan yana tsaye a ƙofar gidan ƙarshe, inda ka ce tun kana yaro ba ka taɓa kaiwa ba. Ka ja mini kunne kada in taɓa, wai tsohon inji ba ya ajiye komai, in an kashe sai a koma farko.

To, ban kashe ba. Na kafa masa fanka don yana zafi kamar dutsen guga. Ni da nake maka gori, ƙato da gemu kana hura kaset kamar mai hura gawayi, yau ni ce nake ɗaga ƙafa in tsallake waya in ina shara. Mahaifiyata Ummi ta ce na zautu. Jikin nata yana nan yadda ka bari, sai an tayar an kwantar.

Gidan ya yi mini girma. Ka dawo ka ƙarasa abinka.

Matarka mai kewarka,
Nuriyya

Ka'akiyya, Makka
Rajab 1435

Maigidana,

Sallama da fatan alheri. Yaya zafin garin, yaya ƙafar Baba?

Abokinka Malam Salihu ya zo umara, ya kawo saƙonka. Wai an ɗauki hoton yatsunka kafin a sa ka a jirgi, ba za a bar ka ka shigo ba sai bayan shekaru. Ka sami aiki a shagon gyaran waya. Ka ce in kashe Atarin in ba shi ya kai maka.

Ba ka ce in taho ba, don ka san ba zan bar Ummi a kwance ba. Na gode da ba ka sa na faɗa da bakina ba. Amma wallahi na ji haushinka. Muddin abin nan yana kunne, gani nake burodi kawai ka je sayowa.

Jiya bayan la'asar na zare wayar, na kashe fankar. Ban san ƙararta ce take taya ni zama ba sai da ta yi shiru. Talabijin ɗin ma ya lalace, ko labarai aka sa inuwar ɗan mutumin tana nan a gefe, ta ƙone a gilashin.

Na naɗe injin a tsohon mayafina, kaset-kaset ɗin suna cikin leda. Kada ka jona shi kai tsaye, ka tuna ƙaramar wuta ce a gidanmu, ta Kano za ta ƙona shi.

In ka buɗe kwalin za ka ga abin dannawa ɗaya ne maimakon biyu. Ba mantawa na yi ba. Ba na son ka sami abokin wasa a can.

Ummi tana gaishe ka. Allah Ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Taka har kullum,
Nuriyya